Firaminista a kan dokin aro: wa ke riƙe da linzami a tsarin majalisa?

Ranar Talata 20 ga Nuwamba 1990, Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher tana Faris cikin shugabannin ƙasashe, ana taron rufe babin yaƙin cacar baka. A daidai wannan lokaci, can Landan, 'yan majalisar jam'iyyarta ta Conservative su 372 suna jefa ƙuri'a a kan ko za ta ci gaba da jagorancinsu. Da aka ƙirga ta samu 204, Michael Heseltine da ya fito ya ja da ita ya samu 152. Ta ba shi rata mai kyau, amma dokar jam'iyyar ta ce sai ratar ta kai kashi 15 cikin ɗari kafin a ce an ci a zagayen farko. Ƙuri'a huɗu suka rage mata. A daren ta fito ƙofar ofishin jakadancin Birtaniya ta faɗa wa 'yan jarida cewa za ta shiga zagaye na biyu. Kashegari da ta koma gida ta riƙa kiran ministocinta ɗaya bayan ɗaya, kuma bakin yawancinsu ya zo ɗaya: ni dai ina tare da ke, amma in kika tsaya za ki faɗi. Da safiyar ranar 22 ta sanar da murabus.

Matar nan ta ci babban zaɓe sau uku a jere, a 1979 da 1983 da 1987, ta yi shekara 11 da rabi a kan mulki. Talakan Birtaniya bai kayar da ita a akwati ba, majalisa ba ta kaɗa mata ƙuri'ar yanke ƙauna ba, kotu ma ba ta taɓa ta ba. 'Yan gidanta ne suka sauke ta cikin kwana biyu. Wanda ya tashi a ƙarƙashin tsarin shugaban ƙasa, inda wa'adi shekara huɗu ne ko ana so ko ba a so, zai ji abin banbarakwai. Amma duk mai son gane tsarin majalisa, daga wannan daren na Faris ya kamata ya fara, domin a nan ne ake ganin inda ikon Firaminista ya samo tushe.

A ranar zaɓe a Birtaniya, babu takardar ƙuri'ar da ke ɗauke da jerin masu neman kujerar Firaminista. Abin da ke hannun mai zaɓe sunayen masu neman wakiltar mazaɓarsa ne kaɗai. A zaɓukan nan uku, sunan Thatcher bai fito a takardar kowa ba sai ta mutanen mazaɓar Finchley a arewacin Landan. A yau kujerun majalisar wakilai 650 ne. Bayan an gama ƙidaya, Sarki zai gayyaci wanda ake da tabbacin rinjayen majalisa na bayansa ya kafa gwamnati, kuma a aikace wannan shi ne jagoran jam'iyyar da ta fi kujeru. Ke nan sarautar a kan ƙafa biyu take tsaye, shugabancin jam'iyya da rinjayen jam'iyyar a majalisa. In ɗaya ta karye, mulki ya tafi. Shi ya sa nake kwatanta Firaminista da mahayin da ya ari doki ranar hawan salla. Yana can sama cikin alkyabba, jama'a na jinjina masa, amma mai dokin yana gefe yana kallo, kuma duk sa'ad da ya ga dama zai iya cewa sauko.

Kada wannan ya sa a ɗauka kujerar ba ta da ƙarfi. Muddin dokin na ƙarƙashinsa, Firaministan Birtaniya yana iya abubuwan da shugaban Amurka ko na Najeriya sai dai ya yi sha'awarsu daga nesa. A tsarin shugaban ƙasa, majalisa daban ce, fadar shugaba daban. Shugaba zai aika sunayen ministoci a tantance, ya aika kasafin kuɗi a yi ta ja-in-ja. A Landan kuwa gwamnati a cikin majalisa take zaune. Firaminista ɗan majalisa ne, ministocinsa 'yan majalisa ne, shi ke naɗa su shi ke korarsu, babu wata tantancewa. Gwamnati ce ke tsara yawancin abin da majalisa za ta tattauna da ranar da za ta tattauna shi. Majalisar dattawa ta Lords ba ta da ikon kashe yawancin ƙudurori, iyakarta ta jinkirta su kimanin shekara guda, kamar yadda dokar 1949 ta tanada. Ga shi ƙasar ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya rubutacce da alƙali zai ɗaga ya ce dokar da majalisa ta yi ta saɓa masa. Wannan ne ya sa Lord Hailsham, wani jigo a Conservative, ya kira tsarin a 1976 da mulkin kama-karya na zaɓaɓɓu.

Ta yaya mutum ɗaya ke juya 'yan majalisa ɗari uku da ɗoriya, kowa da mazaɓarsa da ra'ayinsa da girman kansa? Da abu biyu, gayya da bulala. Gayyar ita ce muƙami. Doka ta yarda ministocin da ke zaune a majalisar wakilai su kai 95, ga kuma mataimakansu na majalisa da ba a biyansu ko kwabo amma ƙa'idar biyayya ta hau kansu. Duk waɗannan ba su da damar kaɗa ƙuri'a saɓanin gwamnati sai in sun ajiye muƙami. Haka Robin Cook ya yi a Maris 2003, ya sauka daga shugabancin harkokin majalisa domin bai yarda da shiga yaƙin Iraƙi ba. A bayan waɗannan akwai wasu da yawa da ke zaune a kujerun baya suna jiran ranar da wayarsu za ta yi ƙara daga Downing Street, fadar Firaminista, kuma mai jiran kira ba ya ɗaga murya.

Bulalar kuwa tana hannun masu tsawatarwa na jam'iyya. Duk mako sukan aika wa kowane ɗan majalisa takardar ayyukan da ke tafe, a ja layi a ƙarƙashin kowace ƙuri'a gwargwadon nauyinta. Layi ɗaya, in ka samu hali ka zo. Layi uku, ko kana ina sai ka zo, kuma ka bi sahun jam'iyya. Wanda ya bijire wa layi uku ana iya fitar da shi daga rukunin 'yan majalisar jam'iyyar, ya zauna a zauren kamar ɗan takara mai zaman kansa, in zaɓe ya zo kuma ba zai tsaya da tutarta ba sai an yafe masa. A Satumba 2019 Boris Johnson ya yi wa mutum 21 haka a dare ɗaya saboda sun goyi bayan hana ficewa daga Tarayyar Turai babu yarjejeniya. A cikinsu akwai Kenneth Clarke da Philip Hammond, dukansu tsofaffin ministocin kuɗi, da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill. Keir Starmer ma bai yi wata guda da hawa ba a 2024 ya dakatar da 'yan Labour bakwai a kan ƙuri'ar tallafin yara.

Tsarin zaɓen ƙasar kuma yana ƙara wa wannan iko gishiri. Wanda ya fi kowa ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. A zaɓen 4 ga Yuli 2024 Labour ta samu kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa, amma ta kwashi kujeru 411. Jam'iyyar Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan huɗu, ta tashi da kujeru biyar. Mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka fita zaɓe ne ya zaɓi jam'iyyar da ta riƙe kusan kashi biyu cikin uku na majalisa. Wannan kaɗai abin dubawa ne ga duk mai maganar dimokuraɗiyya, kuma a ganina shi ne raunin tsarin Birtaniya da ya fi wuyar karewa.

To mai wannan ƙarfi wa ke iya tanƙwara shi? A takarda amsar ita ce majalisa, ta hanyar ƙuri'ar yanke ƙauna. Sai dai rabon da wata gwamnatin Birtaniya ta faɗi ta wannan hanya tun ranar 28 ga Maris 1979, sa'ad da James Callaghan ya sha kaye da ƙuri'a 311 da 310, kuma dalili shi ne jam'iyyarsa ta riga ta rasa rinjaye. Jam'iyyar da ke da rinjaye ba ta taya abokan hamayya rushe gwamnatinta a bainar jama'a. Abin da take yi shi ne ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta canza mahayi. Lissafin a fili yake. Daga hawan Thatcher a 1979 zuwa 2024 mutum tara suka bar kujerar, amma uku ne kawai masu zaɓe suka sallama, John Major a 1997, Gordon Brown a 2010 da Rishi Sunak a 2024. David Cameron ya tafi da kansa bayan ya faɗi ƙuri'ar raba gardama ta 2016. Tony Blair ya sauka a 2007 bayan matsi mai tsanani daga cikin Labour. Thatcher da Theresa May da Johnson da Liz Truss kuwa duk gida ne ya ƙi su.

Labarin Johnson ya fi kowanne nuna yadda abin ke tafiya daga ciki. A Disamba 2019 ya ci kujeru 365, rinjayen da Conservative ba ta ga irinsa ba tun 1987. Sai ga zancen shagulgulan da aka riƙa yi a Downing Street lokacin kullen korona, alhali an hana talaka zuwa jana'izar 'yan uwansa yadda ya saba. A Afrilu 2022 'yan sanda suka ci shi tara. A jam'iyyar akwai wani kwamiti na 'yan majalisar da ba su da muƙami, ana ce masa Kwamitin 1922. Duk wanda ya gaji da jagora yakan rubuta wasiƙa a asirce ya kai wa shugaban kwamitin, wanda a lokacin Graham Brady ne, kuma shi kaɗai ya san adadin wasiƙun da ke hannunsa. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce in suka kai kashi 15 cikin ɗari, wato 54, dole a kaɗa ƙuri'a. Ranar 6 ga Yuni aka kaɗa, Johnson ya tsira da 211, mutum 148 suka ce ya tafi. Bisa doka ya samu shekara guda babu mai sake taɓa shi.

Wata guda ya yi. Ranar 5 ga Yuli, bayan ta tabbata cewa ya ba wani ɗan majalisa muƙami alhali an taɓa sanar da shi ƙorafin rashin ɗa'a a kansa, ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Rishi Sunak suka ajiye aiki, tsakaninsu 'yan mintoci. Daga nan bango ya tsage. Cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka bar gwamnati. Michelle Donelan da ya naɗa ministar ilimi don cike gurbi ba ta cika kwana biyu ba ita ma ta miƙa takarda. Nadhim Zahawi da ya ba ma'aikatar kuɗi ranar Talata, ranar Alhamis ya fito fili ya ce masa ka sauka. Hujjar da Johnson ya riƙe har ƙarshe ita ce mutum kusan miliyan 14 sun zaɓe shi. Wannan magana ce ta shugaban ƙasa, kuma a tsarin majalisa ba ta da gindi. Waɗancan miliyoyin 'yan takarar Conservative suka zaɓa a mazaɓu daban-daban, shi kuwa ƙuri'ar da ke ɗauke da sunansa ta mazaɓar Uxbridge ce kaɗai. Da ya rasa waɗanda zai cike kujerun ministoci da su, ranar 7 ga Yuli ya haƙura.

Akwai masu cewa wannan juyin mulki ne na cikin fada, kuma cin amanar masu zaɓe ne. Ni ban ga haka ba. Me ya sa 'yan majalisa ke juya wa jagoransu baya? Galibi tsoron kujerarsu ne, kuma wannan tsoro shi ne igiyar da ta ɗaure su da talaka. Ɗan majalisar Birtaniya yakan koma mazaɓarsa kusan duk ƙarshen mako, ya zauna a wani ɗakin taro ko ɗakin karatu, jama'a su zo ɗaya bayan ɗaya da kokensu. Abin da ya cinye Thatcher tun daga tushe shi ne harajin kai da ta ƙaƙaba, irin wanda attajiri da leburansa za su biya kuɗi ɗaya a ƙaramar hukuma guda. Mutanenmu da suka san zamanin haraji da jangali ba sa buƙatar a yi musu bayanin zafinsa. An yi tarzoma a Landan a Maris 1990, a Oktoba kuma jam'iyyar ta rasa kujerar Eastbourne da take ganin tata ce ta gado. 'Yan majalisa suka duba suka ga in ba a canza ba, tare za a tafi da su. Major da ya gaje ta ya soke harajin, ya kuma ci zaɓen 1992. Koken talaka ya isa sama tun wa'adi bai cika ba, ba tare da soja ko zubar da jini ba. A gwada wannan da tsarin shugaban ƙasa: a duk tarihin Amurka majalisar dattawa ba ta taɓa tsige shugaba ba, a Najeriya ma ba a taɓa yi ba. In aka yi zaɓen tumun dare, sai dai a yi haƙuri a ƙirga shekaru.

Inda nake da ja shi ne wajen naɗa magaji. Tsige mutum abu ɗaya ne, zaɓen wanda zai hau bayansa wani abu ne dabam, kuma a nan manyan jam'iyyun Birtaniya biyu suka yi gyaran da ya jawo musu ciwon kai. Kafin 1965 Conservative ba ta zaɓen jagora ma sam, dattawan jam'iyya ne ke shawara a tsakaninsu su fito da suna, kamar yadda aka yi wa Alec Douglas-Home a 1963. Daga 1965 aka miƙa abin ga 'yan majalisa. A 1998 William Hague ya kawo sabon tsari, 'yan majalisa su tace 'yan takara zuwa biyu, sannan 'yan jam'iyya masu kati, masu biyan kuɗin rajista, su zaɓi ɗaya. A kunne abin ya yi daɗi, an ce an faɗaɗa dimokuraɗiyya. Wanda aka fara zaɓa ta wannan hanya, Iain Duncan Smith a 2001, 'yan majalisarsa suka tsige shi a 2003 tun bai kai ga jagorantarsu zuwa babban zaɓe ba.

A 2022 aka ga cikakken sakamakon. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa Sunak ya samu 137, Truss 113. Waɗanda suka zauna da su biyun a majalisa shekara da shekaru, suka san aikin kowa, Sunak suka fi so. Da aka kai wa masu kati, kimanin mutum 172,000, Truss ta samu 81,326, Sunak 60,399. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 67 ta wayi gari da Firaministar da mutum dubu 81 suka zaɓa, waɗanda yawancinsu dattawa ne masu rufin asiri daga kudancin Ingila, kuma babu wanda zai iya tuhumarsu in zaɓinsu ya ɓaci, tunda ba su da kujerar da za su rasa. Ranar 6 ga Satumba ta karɓi mulki daga hannun Sarauniya Elizabeth a Balmoral, kwana biyu kafin rasuwar Sarauniyar. Ranar 23 ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba. Fam ya faɗi ƙasa da yadda ya taɓa faɗuwa a kan dala, ruwan bashin gidaje ya tashi, sai da Babban Bankin Ingila ya shigo don kada asusun fansho su durƙushe. Ta kori Kwarteng ranar 14 ga Oktoba, ranar 20 ita ma ta sanar da tafiya. Kwana 49 ta yi. Sunak da ya gaje ta ko masu katin ma ba a tambaya ba, domin shi kaɗai ya rage a takarar. Iyalan da kuɗin bashin gidansu ya ƙaru a wannan kaka ba su jefa ƙuri'a a kan komai daga cikin wannan ba.

Labour ma ta ɗanɗana, ta ɗaya gefen. A 2015 masu kati da magoya bayan da suka biya fam uku suka ɗora Jeremy Corbyn. A Yuni 2016 'yan majalisarsa suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, 172 da 40, ya ce ba su suka naɗa shi ba, kuma a Satumba masu kati suka sake zaɓensa da sama da kashi 60 cikin ɗari. A lokacin jam'iyyar na hamayya. Da tana mulki, da an ga Firaministan da kashi huɗu cikin biyar na mutanensa a majalisa ba sa so, amma ba su da hanyar sauke shi sai su rushe gwamnatinsu da hannunsu. Tsarin majalisa an gina shi ne a kan sarƙa guda, talaka ya riƙe ɗan majalisa, ɗan majalisa ya riƙe Firaminista. Da aka shigo da masu kati a tsakiya, sai ikon naɗi ya koma wani hannu, ikon tsigewa ya zauna a wani.

Sauran ƙasashe kowa da maganin da ya nema wa ciwonsa. Jamus, da ta ga yadda gwamnatoci suka riƙa zubewa kafin zuwan Hitler, ta rubuta a tsarin mulkinta na 1949 cewa majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Sau ɗaya hakan ya yi nasara a matakin tarayya, a Oktoba 1982, da jam'iyyar FDP ta bar Helmut Schmidt ta koma wa Helmut Kohl. Ostireliya ta canza Firaminista sau huɗu daga cikin jam'iyya tsakanin 2010 da 2018, har manyan jam'iyyunta biyu suka tsaurara ƙa'idar tsige jagora mai ci. Indiya kuwa sauya sheƙa ce ta addabe ta, sai a 1985 ta yi dokar da ta ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ko ya saɓa umarninta wajen ƙuri'a zai iya rasa kujerarsa. Dokar ta rage cinikin 'yan majalisa ɗai-ɗai, amma ta ɗaure bakin ɗan majalisa tamau, ta mayar da shi ɗan amshin shatan shugabannin jam'iyya. A nan ne haɗarin da ya fi kowanne yake, ranar da mahayi ya saye dokin. A Hangari jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orban ta ci kujeru 263 cikin 386 a 2010, ta rubuta sabon tsarin mulki a 2011, kuma ba a ji wata murya daga cikinta da ta isa ta ce a dakata ba. Jam'iyyar da ta zama mallakin jagoranta ba ta tsige kowa, kuma a tsarin majalisa in wannan birki ya tsinke, kaɗan ne ya rage.

Mu ma wannan tsari ba baƙonmu ba ne, da shi Najeriya ta karɓi 'yanci a 1960, kuma tarihinmu ya nuna wata fuskar da Landan ba ta saba gani ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firaminista a Legas, amma ba shi ne shugaban jam'iyyarsa ta NPC ba. Sardauna Sir Ahmadu Bello ne shugaba, ya zaɓi ya zauna Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, Tafawa Ɓalewa na mataimakinsa a jam'iyya. Wato kujerar mulki a hannun mutum ɗaya, linzamin jam'iyya a hannun wani. Tsakanin waɗannan biyu abin ya zauna saboda girmama juna. A Yamma bai zauna ba. Cif Obafemi Awolowo ya bar kujerar Firimiya ya tafi majalisar tarayya jagoran hamayya, yana riƙe da shugabancin Action Group, Cif Samuel Akintola ya hau Firimiya. A 1962 suka ɓata. Jam'iyya ta ce Akintola ya sauka, ya ƙi. 'Yan majalisar yankin 66 suka sa hannu a wata takarda suka kai wa Gwamna, Ooni na Ife Sir Adesoji Aderemi, shi kuma ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ranar 25 ga Mayu da majalisar ta zauna a Ibadan don tabbatar da sabon Firimiya, zaman bai je ko'ina ba, aka hau jifa da kujeru, sandar majalisa ta karye, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa a cikin zauren. Bayan kwana huɗu majalisar tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, aka naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma.

Tambayar da ta je kotu ita ce ainihin wadda muke ta juyawa tun daga farko: shin takarda mai sa hannun 'yan majalisa ta isa a sauke shugaban gwamnati, ko sai an kaɗa ƙuri'a a zaure? Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Privy Council a Landan ta ba Adegbenro a 1963. Kafin hukuncin ya yi aiki, majalisar Yamma ta gyara tsarin mulkin yankin ta mayar da gyaran baya, Akintola ya ci gaba da zama. Abin da 'yan Conservative suka gama da Thatcher cikin kwana biyu, ta share hawaye ta fita, a Ibadan ya zama wutar da ta yi ta ci har zaɓen yankin na Oktoba 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo bayansa, ta kai ga juyin mulkin daren 15 ga Janairu 1966. Dokokin kusan iri ɗaya ne, tunda daga can aka kwaso su. Abin da ya bambanta shi ne a can wanda jam'iyya ta ƙi ya yarda ya tafi, bai kuma ji tsoron kurkuku ko talauci na jiransa a waje ba.

Shi ya sa da na ji a farkon 2024 wasu 'yan majalisar wakilai kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin mayar da Najeriya tsarin Firaminista, hujjarsu ta rage tsadar mulki ta shige ni, haka ma ta tilasta wa shugaba ya tsaya gaban majalisa ya amsa tambaya da bakinsa kamar yadda ake yi duk Laraba a Landan. Ina son ganin ranar da za a yi haka a Abuja. Amma kafin nan akwai abin da nake so masu ƙudurin su yi mana bayani dalla-dalla. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya riga ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarsa ta dare ba ya rasa kujerarsa, kuma duk muna ganin yadda ake tsallakawa da rana tsaka a ci gaba da zama. Majalisar wakilai kujeru 360 ce, ke nan a sabon tsarin duk wanda ya tara 181 shi ne mai ƙasa, ranar da suka koma 180 kuma ya tashi. Su waɗannan 181, wa zai ba su tikiti, mutanen mazaɓarsu ko gwamnan jiharsu da daliget ɗin da ya yi wa jerin suna a gidan gwamnati?